Sunan Illa da Rumbun Kwana Bakwai

Laihin da zan ba da labarinshi shi ne na mutumin da anka ba amanar rubuta sunayen jama'a, yam maida ita hanyar cin goro da ramuwa. Bai saci akuyar kowa ba, bai ɗaga ma kowa hannu ba. Da ɗan yatsa guda yay yi ɓarnar, shina zaune bisa kujera. Ɗan ƙanena ne kuma, don haka ba a bakin wani nij ji ba.

Sunanshi Abdulƙadir, ana ce mishi Mushe Kadri, wato malam, don shina koyarwa a lakwal, makarantar boko, a Buza. Mu mutanen Babankatami ne. Ubanshi ya rasu, uwarshi Habsa tana nan gida, wanshi Ayuba kuwa shekara goma sha ɗaya ke nan shina Abijan.

Yaranmu da sunka tahi biɗa, wato neman kuɗi a ƙasashen waje, na Abijan da na Libiya da na Legas, su ne yanzu ke sa a yi aiki a gida. In rijiya ta rufta, ko ɗaki na son yaɓe, ko rumbu ya tsufa, daga can ake kiran mai aiki. To mutumin da ya shekara goma a waje bai san wa ya iya ba, bai san wa ya mutu ba. Sai ƙungiyarsu tab buɗe wani kundi a intanet, Kundin Masu Sana'a na Adar, mu dai lis muke ce mishi. Ciki akwai sunan kowane mai aiki, da garinsu, da lambar salularshi, da hoton abin da yat taɓa yi. Anka sa mutum uku su riƙa kula da shi, ɗaya na Madawa, ɗaya na Keita, ɗaya na Buza. Ba a biyansu, don Allah suke yi. Kowane an ba shi mabuɗi, wato lambar sirrin da ake shiga da ita a rubuta ko a goge. Kadri ne yar riƙe na Buza, kuma da farko mun yi alfahari da shi.

Illa maginin rumbu ne, maƙwabcina tun muna kiwon awaki. Rumbun ƙasa nike nuhi, irin namu mai ciki kamar tulu, wanda ake ɗorawa bisa duwatsu. Wanda bai taɓa tsayawa kallon aikin ba shina tsammanin gini ne kamar kowane gini. Illa kan jiƙa laka, shi zuba ramno, ciyawar nan da ake daddatsewa, a tattake, a ruhe ta ta kwana biyar har ta yi wari. Sa'an nan shi ɗora zagaye guda, tsawon taƙi ɗaya, shi tahi abinshi. Sai bayan kwana biyu ko uku, in ya ƙwanƙwasa ya ji ta bushe har ciki, shike ƙara wani. Shi ya sa shike kama rumbu goma ko sha biyu a rani guda, shina yawo bisa jaki daga wannan ƙauye zuwa wancan, kowane shi ba shi zagayenshi. Rumbu ɗaya kan ci kwana arba'in.

Ranin da nike magana, rumbu biyu rak Illa yas samu. Shekarunshi sittin da 'yan kai, ba shi da ɗa a waje, gonarshi kuma dutse ya hi yawa cikinta. Har ya fara zancen in abin bai gyaru ba zai sai da jakin shi tahi Tawa ɗaukar laka ma wasu magina. Bai san abin da yat tsai da kiran ba, sai ran da wani ɗan Azarori da ke Libiya yak kira shi. Illa yay yad da salular yat taho wurina, laka har gwiwar hannu.

Yac ce, "Alƙasim, ka ji na bar aiki?"

Nic ce, "Ban ji ba. Yaushe ka bari?"

"Ni ma yanzu anka gaya mani. Yaron har addu'a yay yi mani, wai Allah shi ba ni ladan wahalar da nish sha. Sa'an nan wai in nuna mishi wani magini mai sauran ƙarhi."

"Ina yaj ji?"

"Wai a lis yag gani."

Ni mutum ne da in ban gane kan abu ba, ko hura ba ta yi mani daɗi. Ban yi lakwal mai nisa ba, amma na san rubutu ba shi rubuta kanshi. Ina so in san ta ina suna ke shiga cikin salula, ta ina kuma shike hita. Ran kasuwar Buza nit tahi gidan Kadri.

Ya karɓe ni da kyau, ya shimfiɗa tabarma, ya sa an kawo ruwa. Da nit tambaye shi, ko ɗaga kai bai yi ba.

"Baba, na'ura ce ke tsara su. Wanda tag ga ba a kiranshi, sai ta sauke shi."

Nic ce, "To na ji. Amma ta yaya na'ura tas san Illa ya tsufa? Haƙoranshi tad duba?"

Yay yi dariya, yac ce abubuwan nan suna da wuyar bayani ga manya. Nic ce haka ne. Ina zaune ina kallon gidan. Ɗakinshi ya sha sabon yaɓen siminti, sumul. Ga zabi sun kai goma suna kiwo a tsakar gida, ga tabarmi sababbi a naɗe a jingine, sun hi ƙarhin gidan mutum huɗu. Nit tambayi wa yay yi yaɓen. Yac ce wani maso ne, maginin siminti, Usman, yaron kirki, ko sisi bai karɓa ba. Zabin fa? Kyauta ce. Tabarmin? Su ma kyauta.

Da nik koma nig gaya ma Illa, sai yac ce, "Af. Bara ya ce in zo in gina mishi akurki da ɗan rumbu a Buza, wai goron lis. Nic ce ina da rumbu tara a jiƙe, shi bari in sauka. Bai sake magana ba. Na ɗauka ya fasa."

Mai riƙe da mabuɗin Madawa mace ce, Malama Aminatu, tana da shagon maganin dabbobi kusa da tasha. Munka shiga mota ni da Illa munka same ta. Muna jira har tas sallami wani makiyayi da ke gardamar allurar raƙumi, sa'an nan tas sa anka ba mu benci.

Nic ce, "Ɗiyata, tambaya gare ni, kuma tambayar jahili ce. Na'urar nan tana sauke mutum da kanta?"

Tac ce, "Baba, na'urar ko sunanta ba ta iya rubutawa in ba a taɓa ta ba. Wa anka sauke?"

Illa yaɗ ɗaga hannu kamar ɗan lakwal. Tay yi murmushi, tad danna, taj juyo muna da salular. Nan nig ga abin da ban taɓa sani ba. Ashe bayan lis ɗin da kowa ke gani akwai wani, wanda masu mabuɗi kaɗai ke buɗewa, inda kowane taɓi ke barin sawu: ranar da anka yi, da wanda yay yi, da dalilin da yab bayar. Tak karanta muna a hankali. Ran kaza ga watan kaza, Abdulƙadir na Buza ya cire Illa na Babankatami daga masu aiki, ya maida shi cikin waɗanda sunka bari. Dalili, ya bar sana'a saboda tsufa.

Nic ce, "Shi Kadri ya san abin na barin sawu?"

"Ya sani. Ya dai san ba mai dubawa. Kowa da aikin gabanshi, Baba. Ni kaina sai wata ya wuce ban leƙa ɓangaren Buza ba."

Tag gangara ƙasa, tana karantawa tana girgiza kai. Mai haƙar rijiya, ya ƙaura. Mai saƙar tabarmi, ta bar sana'a. Maƙeri, ba a samun shi. Mutum goma sha ɗaya, kuma duk na san su, suna nan inda suke, suna aikinsu. Sa'an nan tab buɗe wurin maginan rumbu. Suna na farko, Usman maso, da hoton wani rumbu mai kyau, wuya siriri, ciki zagaye.

Illa yak karɓi salular da hannu biyu, yak kai ta kusa da ido, yam maida ta nesa.

"Wannan na gidan Adamu ne, a Azarori. Ni nig gina shi, bara waccan. Ga ma inda jakina yak karce gindin da igiya, nil liƙe. Kadri da kanshi yaɗ ɗauki hoton ina tsaye a gehe. Ina nike?"

Aminatu tac ce, "An yanke ka, Baba."

"Da mi?"

"Da yatsa."

Yaj jima shina kallon wurin da ya kamata a gan shi. Nic ce ta maida sunan kawai tunda tana da mabuɗi. Tac ce ba ta da iko, dokarsu ta hana mai mabuɗin wani ɓangare taɓa na wani, kuma dokar tana da dalili, in ba haka ba kowa sai shi riƙa goge na kowa. Abin da za ta iya, ta rubuta ma shugabannin ƙungiya. Ta rubuta kuwa. Sunka tambayi Kadri, yac ce Illa da bakinshi yag gaya mishi ya gaji, hoton kuma kuskure ne, zai gyara. Shugabannin mutane ne masu tashi da asuba su tura amalanke a ƙasar wasu. Sunka ce maganar wannan da ta wancan ce, sai in wani da yas sa aiki ya kawo ƙara. Zancen yak kwanta.

Bai yi kwana ashirin da kwanciya ba, wata sahiya nig ga amalanke na sauke laka a ƙofar gidan Habsa. Gara ta cinye gindin tsohon rumbunta, Ayuba ya ji, ya yi niyyar shi yi ma uwarshi sabo ba tare da ya ɗora ma kowa nauyi ba. Bai kira ni ba, bai kira ƙanenshi ba. Yab buɗe lis, yag ga Illa ya bar aiki, yak kira suna na farko. Mi zai hana shi yarda? Ƙanenshi ne ke rubutawa.

Hatsin da za a zuba ciki na gandun gidan ne. Daga ciki Habsa ke ci, daga ciki kuma Kadri ke aiko a ɗibar mishi duk wata.

Illa bai iya zama ba. Kullum sai shi sami dalilin bi ta ƙofar, ni kuma in bi shi. Usman yaro ne mai ƙwazo, ba shi da mugunta, ɗaki in ya gina maka sai ka yaba. Amma laka da sahe shike kwaɓa ta, kahin azahar tana bisa bango. Zagaye uku a yini, wani lokaci huɗu. Rana ta uku Illa yaɗ ɗebi lakar yas sunsuna.

Usman yac ce, "Baba Illa, ci za ka yi?"

"Ina neman warinta ne, ban ji ba. Kwana nawa tay yi a ruhe?"

"Ruhe ta ake yi?"

Illa yad dube ni, nid dube shi. Yac ce, "Yaro, rumbu nawa ka taɓa ginawa?"

Usman yas sauke murya. "Da wannan, uku. Ni na gaya ma Mushe ɗakuna nike ginawa, yac ce ƙasa duk ƙasa ce. Kuma mutanen waje ba su son jira, Baba. Kullum sai sun kira su ce a turo hoto."

"Biyun farko an zuba musu hatsi?"

"Sai kaka."

Kwana bakwai yag gama, anka ɗora jinka. A ido ba shi da aibi, har ya hi na Illa sulɓi. Illa yaz zagaya shina ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, kunne a jikin bango. Sama tana amsawa ƙwal-ƙwal. Da yaz zo ƙasa, wajen cikin, sai sautin yam mutu, kamar ka daki buhun gari. Yac ce ma Habsa rana ta busar da fatar, amma ciki ɗanye ne, kuma nauyin sama ya riga ya zauna mishi. Kada ta zuba. Ni ma nig gaya mata haka, har da abin da munka gani a Madawa.

Habsa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Tac ce, "Na Abijan ya yi mani abin arziki, in ce mishi ban so? Kuma wannan tsohon rumbun, kun gani, gara har ta fara hawa damman hatsi. Ku bari Kadri shi zo. Shi yay yi karatu, shi yas san yaron."

Kadri yaz zo ran Asabar bisa babur. Mutane sun taru a tsakar gida don taya kwasar damma, mata da maza, Usman ma na nan, Illa kuma na tsaye can bakin danga. Habsa tac ce, a gaban kowa, "Kadri, Illa ya ce rumbun nan ba shi riƙe hatsi. Babanka Alƙasim ya ce kai kas sa sunan yaron nan a sama, ba don ya iya ba. Ni ban san abin da ke cikin salula ba. Kai nike tambaya. In zuba, ko kada in zuba?"

Ban taɓa kallon mutum yadda nik kalli Kadri ran nan ba. Ina so in ga wanne zai zaɓa, don hanya biyu ce kawai. In ya ce kada a zuba, ya amsa a gaban gari cewa abin da yar rubuta ƙarya ne. In ya ce a zuba, abincin uwarshi da na 'ya'yanshi ne. Yaz zagaya rumbun. Yad dafa bangon wajen ciki, yad danna da babban yatsa, bangon yal lotsa, yad dubi yatsan. Na ga ya gani. Yad dubi Illa, yad dubi jama'a.

Yac ce, "Inna, ki zuba. Kishin sana'a ne kawai."

Illa yaj juya yah hita. Ni dai nir roƙi Habsa abu guda, ta bar damman iri a ɗakinta. Tay yarda da wannan don kada in yi hushi. Sauran, dami saba'in da huɗu, anka miƙa su sama ɗaya bayan ɗaya har rumbun yac cika zuwa wuya.

Ya tsaya wata ɗaya da 'yan kwanaki. Tsaga ta fara hitowa siririya, Habsa tana liƙewa da laka. Ruwan farko yaz zo bayan la'asar, da iska daga gabas, irin mai dukan bango a kwance. Muna cikin zaure munka ji ƙara mai nauyi, ba tsawa ba. Da munka isa, cikin rumbun ya buɗe gida biyu, jinkar ta faɗa ciki, damma sun zube cikin ruwan da ke gudu a tsakar gida, laka ta danne su. Allah ya sa ba kowa a kusa sai kaji biyu. Duk unguwa ta hito cikin ruwan ana ja. Illa na cikin masu ja, shi ne ma ke nuna inda za a taka don sauran bangon kada shi biyo mutum. Ruwan bai ɗauke ba sai da gari ya jiƙe sarai, kashegari kuma yas sake zubowa, ba a sami ranar shanya ba. Kwana uku hatsin da ke cikin laka ya fara tsiro, na sama ya yi baƙi.

Ayuba yak kira ni. Bai tambayi hatsi ba, yac ce, "Baba, Kadri ya sani?" Nig gaya mishi abin da nig ga Kadri ya yi da yatsan. Ran nan yak kai ƙara, a matsayin wanda yas sa aiki. Aminatu tat tura ma shugabanni sawun nan duka, Usman kuma, da kunya ta ishe shi, yay yi magana da bakinshi a saƙon murya, yaf faɗi yaɓen da ragon layya da ban ma san da shi ba. Daga nan sauran sunka samu baki, mai zabi da mai tabarmi da wasu da ban zata ba.

Aminatu da kanta taz zo Babankatami ta maida sunayen, don an ba ta riƙon Buza kahin a sami wani. Taz zauna a zauren Illa tana tambayarshi abin da za a rubuta.

Yac ce, "Rubuta, Illa bai bari ba."

"Baba, ba a rubuta haka. Sana'a ake sawa da gari."

"To sa sana'ar. Ki ƙara, rumbu ɗaya kwana arba'in, mai gaggawa shi nemi wani. Hoton kuma a ɗauki sabo, ina ciki."

Kahin damina ta ƙare mutum goma sha huɗu sun kama layi wurin Illa na rani mai zuwa, cikinsu har da masu rumbunan nan biyu na Usman, da sunka rushe su da hannunsu tun ba a zuba komai ba. Na farko a layin Habsa ce. Jakin Illa na nan a turkenshi.

Ga abin da Kadri yar rasa. An karɓe mabuɗin, an kuma sanar da dalili a saƙon da duk 'yan biɗa na Madawa da Buza da Keita sunka saurara. Cikin dami saba'in da huɗu, goma sha tara anka tsirar, dangi sunka yanke duka na Habsa ne, shi ko zangarniya ɗaya ba shi da ita har kaka. Zabi goma da tabarmi shida, masu su sun zo har gida sun kwashe, matarshi na kallo. Iyayen yara sun sauke shi daga riƙon takardun ƙungiyarsu ta lakwal. Ayuba bai sake ɗaukar kiranshi ba, yau wata bakwai. Uwarshi tana amsa gaisuwarshi, amma tun ran nan ba ta sake tambayarshi shawara a kan komai ba.